Layin Dogo da Mutanen Gefensa: Waiwaye Daga Ƙasar Karaye da Rogo

Wanda ya san ƙasar Karaye da Rogo zai iya tambaya, me ya haɗa mu da batun jirgin ƙasa, alhali dogo bai ratsa ko ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu ba? Gaskiya ne. Layin da ya taso daga Zariya zuwa Kano ta gabas da su ya bi, ta Gimi da Dangora da Yako da Madobi. Ta yamma kuma akwai reshen da ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Wato ƙasar tana tsakanin dogo biyu, mutanenta kuwa sun daɗe suna neman abinci a bakinsu. Abin da muke son nunawa a wannan takarda shi ne, horon kiyaye haɗari ya tsaya ne ga ma'aikatan reluwe, bai kai ga waɗanda ke aiki a gefen dogo ba.

An tsara layin Baro zuwa Kano ne a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Dogo ya iso Kano a watan Maris na 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Yawancin leburorin da suka yi aikin ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su, irin abin nan da talakawa ke kira ɗiban gwamna. Manoma ne da ba su taɓa ganin jirgi ba, suna yin 'yan makonni a sauya su da waɗansu. Mutumin da za a sallama kafin ya goge, wa zai ɓata lokaci ya koya masa? Iyakar karatunsa tsawar heluma.

Bayan an gama shimfiɗa dogo sai aka sami ma'aikata na dindindin masu gyaran hanya, kowace ƙungiya da yankinta. Su kam suna da ƙa'ida: a tsai da mai tsaro nesa da wurin aiki, a kafa jar tuta, a busa usur, kowa ya fice daga kan layi kafin jirgi ya iso. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, saboda haka ko direba ya kama burki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, ba shi kuma da hanyar kaucewa. Wannan ilmi ya ci gaba a ƙarƙashin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da aka kafa a 1955, amma a cikin gida ya zauna.

To, ina sauran jama'a? Tun daga 1912 da cinikin gyaɗa ya buɗe, masu jakuna ke sauke kaya a tasha, 'yan dako na lodi, 'yan mata na talla a jikin taragu, makiyaya na tsallakar da shanu. A ganinmu waɗannan sun fi ma'aikatan yawa nesa ba kusa ba, ga shi ba su cikin littafin albashin kowa, balle a kira su aji. Doka ta san su ne kawai a matsayin masu keta haddin reluwe.

Wannan giɓi bai dami hukuma sosai ba, domin tsohon jirgi mai ƙaramin layi ba shi da gudu, daga baya ma zirga-zirgarsa ta ja baya ƙwarai. Amma a watan Yuli na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi mai faɗi daga Kaduna zuwa Kano, wanda aka tsara don jirage masu gudun da ya wuce kilomita 100 a sa'a. A irin wannan gudu jirgi na cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Makiyayin da ya hango shi daga nisan rabin kilomita, daƙiƙa 18 ke gare shi ya kawar da garkensa.