Kundin Mafarki a Cikin Birnin Kano: Matsayin Zancen Zuci Tsakanin Fassarar Malamai da Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ɗabi'ar rubuta mafarki a littafi domin mutum ya gane halin da zuciyarsa take ciki, ta kuma auna ta da yadda Musulmin birnin Kano, irin mazauna Dukawuya, suka gaji mu'amala da mafarki. An dogara ne da nazarin rubuce-rubuce: hadisai, littattafan fassarar mafarki, rubutun sufaye da binciken masana halayyar ɗan Adam. Matsayar maƙalar ita ce, kashin mafarkin da malamai suka ajiye gefe don ba shi da fassara, wato zancen zuci, a kansa ne kundin mafarki ya fi amfani.

Gabatarwa

A unguwannin cikin badala, daga Ƙofar Dukawuya zuwa Gwale da Mandawari, wanda ya tashi da mafarkin da ya tsaya masa a rai ya san inda zai nufa. Ko ya gaya wa mahaifiyarsa ta ce ya yi sadaka, ko ya sami malam a zaure, ko ya buɗe ɗan littafin fassarar mafarki irin na Kasuwar Kurmi da bakin masallatan Juma'a. Maciji, ambaliya, faɗuwar haƙori, kowanne da abin da aka ce yana nuni. Tambaya ɗaya ake nema wa amsa a duk waɗannan hanyoyi: me zai faru? Mai rubuta mafarkinsa kowace safiya kuwa, abin da yake son sani shi ne me ke cin sa a rai yanzu.

Kashi na uku

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, ta hanyar Muhammadu ɗan Sirina, cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum yake zantawa da zuciyarsa. Shi ɗan Sirina ya rasu a Basra a shekara ta 110 bayan Hijira, kuma babban littafin da ake sayarwa da sunansa, kamar yadda John Lamoreaux ya nuna a 2002, an harhaɗa shi ne ƙarnoni bayan rasuwarsa. Shi da na Abdulgani al-Nabulsi (ya rasu 1731), wanda aka jera bisa haruffa, duk hidimar kashi na farko suke yi. Kashi na biyu an ba shi ladubba. Na uku kuwa an sallame shi: mai yunwa ya ga tuwo, ɗan kasuwa ya ga ciniki, babu abin fassarawa.

Abin lura shi ne, wannan kashi da aka sallama shi ne masana na zamani suka yi wa hidima. A 1966 Calvin Hall da Robert Van de Castle sun buga tsarin ƙidayar abin da ke cikin mafarki, bayan sun tantance mafarkai 1,000 na ɗalibai a Amurka. Sun tarar tsoro da fushi da baƙin ciki sun rinjayi farin ciki da nisa. Hall, da William Domhoff a bayansa, sun tsaya a kan cewa mutanen da damuwoyin da ke cika mafarki su ne dai waɗanda ke cika farke. Sai dai mafarki guda ba ya nuna haka. Sai an tara da yawa a jere sannan za a ga wanda ke ta dawowa: mai bin bashi, jarrabawar da aka daɗe da gamawa, uwar da ta rasu. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe jerin nan, domin yawancin mafarki kan gushe mintuna kaɗan bayan farkawa. Wannan shi ne dalilin rubutawa.

Rubuta mafarki ba baƙo ba ne

Wani zai ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Tarihi bai goyi bayansa ba. Muhammad al-Zawawi, sufin Bijaya ta ƙasar Aljeriya a ƙarni na 15, ya bar kundi mai mafarkai 109 da ya ce ya ga Annabi (SAW) a cikinsu. Sarkin Mysore na Indiya, Tipu Sultan, wanda aka kashe a 1799, an sami littafinsa mai mafarkai 37 da hannunsa. A nan gida, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta a cikin Wuridinsa abin da aka nuna masa yana da shekara 40 da wata 5, wajen 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Har yau a zawiyoyin Ƙadiriyya da Tijjaniyya na Kano muridi kan kai wa shehinsa abin da ya gani a barci.

Amma dole a yi adalci: waɗannan duk kashi na farko suka rubuta, wato ru'uya, shaidar kusanci da Allah ko izinin wani babban aiki. Rubuta tarkacen dare, wanda babu waliyyi a ciki sai maƙwabci da mai gidan haya, shi ne sabon abu. Ko kalmar kundi da aka ara a nan tana da nata nauyi, domin kundin malam ma'ajiyar laƙani ce da addu'o'i, ba a buɗe wa kowa. Wannan ɓoyewa ce ma ta sa kalmar ta dace.

Matsalar mugun mafarki

Nan ne ake samun karo na gaske. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Salama ya ce mafarki kan sa shi rashin lafiya, har sai da ya ji Abu Ƙatada ya kawo koyarwar Annabi: wanda ya ga abin ƙi ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari, kada ya gaya wa kowa. Ruwayar kanta ta nuna cewa lafiyar mai mafarkin ake karewa. To, rubutawa faɗa ce? Hukuncin wannan na malaman fiƙihu ne. Abin da za a iya dubawa a nan shi ne hikimar hanin, wadda a fahimtar wannan marubuci ita ce hana mutum tauna abin tsoro, da hana wani ya yi masa mummunar fassara ta zauna masa a rai.

Binciken zamani bai yi nisa da wannan taka-tsantsan ba. James Wood da Richard Bootzin sun gano a 1990 cewa masu rubuta mugun mafarkinsu kullum sukan ƙirga fiye da abin da suke tunawa idan an tambaye su daga baya. Wato kundi kan fito da abin da mantuwa ta rufe, kuma wani lokaci mantuwar rahama ce. Hanyar da aka gwada ta yi amfani daban take da kwafe mafarki yadda ya zo. A binciken Barry Krakow da abokan aikinsa na 2001, kan mata 168 da aka ci zarafinsu, an koya wa mace ta sauya labarin mafarkin yadda take so, sannan ta riƙa maimaita sabon a zuciyarta da rana. Munanan mafarkan sun ragu. Saboda haka wanda ya tsira daga hannun 'yan bindiga ko haɗarin mota, bai kamata a miƙa masa biro da littafi a ce ya je ya rubuta shi kaɗai ba.

Dannau lamarinsa daban. Likitoci sun bayyana shi da farkawar hankali alhali jiki yana cikin sandarewar da ke zuwa da barcin mafarki, kuma ƙarancin barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Rubuta lokacin kwanciya da yanayinta kan ba likita abin kamawa, ba tare da an hana kowa addu'arsa ba.

Abin da mai bincike zai tarar a Dukawuya

A 1953 masu bincike Aserinsky da Kleitman suka gano barcin da ido ke motsi a cikinsa, wato barcin mafarki, kuma an san cewa ya fi tsawo a ƙarshen dare. Kiran assalatu kan tashi Bakano ne daidai wannan lokaci, kuma Buhari ya ruwaito cewa bayan sallar asuba ne Annabi kan tambayi sahabbai ko wani ya yi mafarki. Lokacin rubutu ke nan a shirye, muddin an rubuta kafin a fita alwala.

Cikas ɗin yana wajen ajiya. A gidan yawa, inda ɗaki ɗaya ke ɗaukar mutum biyar, littafin da matar aure ta rubuta cewa ta ga tsohon saurayinta, ko ta ga kishiyarta da wuƙa, yana iya kashe aure idan ya faɗa hannun da bai dace ba, domin mai karantawa zai ɗauke shi ru'uya ko tonon asiri. Wasu za su fi sakewa da ajami, wasu da naɗar murya a waya mai lambar sirri. Duk mai shirin tattara irin waɗannan kundaye a unguwar sai ya fara tsara wanda zai riƙe su, da kuma amsar da zai ba dattijuwar da za ta miƙo masa nata ta ce, “To malam, me yake nufi?”