Jar Shinkafa da Fara a Kudancin Kano: Iri Biyu, Tarihi Biyu

Wanda ya ga yadda ake loda shanshera a kasuwar Tudun Wada, ko ya bi fadamun Kiru da Doguwa da damina, yana iya zaton shinkafa iri ɗaya ce tun fil azal. Mu kuwa a wannan maƙala muna so mu nuna iri biyu ne, 'yan uwan juna, amma kowanne da hanyar da ya biyo ya iso ƙasar Hausa.

Ta farko ita ce Oryza glaberrima, wadda masani Steudel ya raɗa wa suna. 'Yar gida ce. Manoman Afirka ta Yamma ne suka hore ta daga shinkafar daji, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, a fadamun Kogin Kwara cikin ƙasar Mali ta yanzu. Ta biyun, watau Oryza sativa, baƙuwa ce daga Asiya. Turawan Fotugal sun kawo ta gaɓar teku tun wajen ƙarni na 16.

Ja kaɗai ba ya raba su, domin akwai ta Asiya mai jar ƙwaya. Sai a duba ɗan harshen da ke inda ganye ya rabu da kara: na 'yar gida gajere ne mai dakushin baki, na baƙuwar dogo mai tsini. Sa'an nan 'yar gida tana jure ambaliya, tana danne ciyawa, amma tana kakkaɓewa in ta nuna, tana kuma karyewa wajen casa. Wannan aibi ne ya kayar da ita a kasuwa, ba ɗanɗano ba.

Tashar binciken shinkafa ta Badeggi, wadda aka buɗe a 1953, ga irin Asiya ta karkata. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya zo da taki da ruwa mai ƙa'ida, watau abin da baƙuwar ta fi so. Jurewar 'yar gida sai ta rasa mai saye.

Abin mamaki, ita aka koma nema daga baya. Auren irin biyu yakan ba da tsiro marar ƙwaya, amma Monty Jones na Saliyo ya shawo kan wannan cikin shekarun 1990, aka sami NERICA, wadda ta jawo masa lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004.