Zuciyar Matashi: Daga Surulere Zuwa Gaɓar Kainji

Ranar 12 ga Agusta, 1989, a filin wasa na ƙasa da ke Surulere, Legas, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasan Najeriya da Angola. Shekarunsa 25. Binciken gawa ya nuna zuciyarsa ta girma fiye da ƙima. A Janairun 1988 kuwa, Pete Maravich, gwanin ƙwallon kwando na Amurka, ya yi irin wannan faɗuwa a Kaliforniya yana da shekara 40. Likitoci suka tarar an haife shi babu jijiyar hagu mai shayar da zuciya.

Faɗuwa iri ɗaya, sanadi daban, kuma binciken gawa ne ya bambance su.

Jijiyoyi biyu, dama da hagu, ke kai wa naman zuciya jini, dukansu daga gindin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Akan haifi wani da ɗayarsu ta tsiro daga gefen da ba nata ba, ta ratsa tsakanin babbar jijiyar da ta huhu. Yana zaune lafiya lau. Amma idan ya yi aikin ƙarfi, sai ƙaramar jijiyar ta matse, jini ya ragu, bugun zuciya ya rikice, ta tsaya.

Italiya ta wajabta duba lafiyar 'yan wasan gasa tun 1982. Sai dai awon bugun zuciya kan fito daidai ga mai wannan larura. Hoton zuciya ne ke tona ta. Don haka agajin mintunan farko ya zama garkuwa ta biyu. Ranar 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya yayin wasa da Katsina United, motar asibitin filin ta ƙi tashi, ya rasu. Ranar 12 ga Yuni, 2021, Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kofanhegan. Aka danna ƙirjinsa, aka jona masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya koma taka leda a 2022.

Waɗannan duk sun faɗi a gaban shaidu. A Yauri, Ngaski da Shanga, aikin ƙarfin matashi ya wuce ƙwallo: tuƙin kwalekwale, jan koma, noman fadama, tseren jirage a bikin Rigata. Wanda zuciyarsa ta tsaya a tafkin Kainji, cewa za a yi ruwa ya ci shi, a yi masa sutura kafin faɗuwar rana, ba tare da an san sanadi ba.

Wani lokaci larurar takan yi sallama kafin ta shigo. Saurayin da ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana cikin gudu ko tuƙi, ba ragwanci ba ne. A dakatar da shi, a kai shi babban asibitin Yauri, a nemi turawa wurin likitan zuciya a Birnin Kebbi ko Sakkwato.