Katsina zuwa Maraɗi: kilomita 80 a sama, Jibiya a ƙasa

Tsakanin filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da na birnin Maraɗi akwai tazarar kimanin kilomita 80 in an miƙe a sararin sama. Jirgin da ke gudun kilomita 500 a sa'a zai cinye ta cikin minti 10. In an haɗa da tashi da sauka, ba za a kai rabin sa'a ba. Amma babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga a kai a kai tsakanin biranen biyu. Matafiyi mota yake shiga, ya bi ta Jibiya da Magama, ya tsallaka zuwa Ɗan Isa, tafiyar kilomita 90 da 'yan kai. A kan iyakar ce ake sanin tsawon lokacin da za a ɗauka.

Wannan kusanci yana da asali. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi. Har yau sarkin garin Sarkin Katsina ake ce masa. Garuruwan sun daɗe suna kai wa juna hari, amma auratayya da fatauci ba su yanke ba.

Turawa ne suka mayar da wannan rabuwa layi a taswira. Ingila da Faransa sun ƙulla yarjejeniyoyi a 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Katsina ta koma duban Legas, Maraɗi ta koma ƙarƙashin Faransa. Hanyoyin jiragen sama ma haka suka bi daga baya: kowane fili yana kallon manyan biranen ƙasarsa, Katsina ga Abuja, Maraɗi ga Yamai.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda tafiyar ke miƙewa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe hanya, ƙasa da sama, har Maris na 2024. Manyan motoci suka yi dogon layi a bakin iyaka, kayan gwari suka ruɓe, 'yan uwa suka koma bin hanyoyin daji a kan babura, cikin yankin da 'yan bindiga ke kai farmaki.

Yanzu fata ta koma kan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma zai ratsa Katsina da Jibiya. Sai dai Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Jirgin ƙasan ma dole ya tsaya a iyaka, kuma tsawon tsayuwarsa ya danganta da yadda Abuja da Yamai suka kwana.