Daga Jakadan Hakimi Zuwa ChatGPT: Darasin Tarihin Daura ga Mai Nazarin Kasuwanci



Idan aikinka nazarin harkar kasuwanci ne, wato kai ne kake tsayawa tsakanin mai kamfani da masu haɗa manhaja, kana tattara alƙaluma, kana rubuta rahoto, kana nuna wa shugabanni inda kuɗi ke zurarewa, to tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022 akwai tambayar da take yi maka yawo a zuciya. Rahoton da kake kwana biyu kana haɗawa, yanzu na'ura tana tsara shi kafin shayinka ya huce. To gobe wa zai biya ka albashi, kuma a kan me?

Tambayar tana da nauyi, amma ba yau aka fara yin ta a ƙasar Hausa ba. A cikin shekara ɗari da 'yan kai, mutanen Daura sun ga an sauya kayan lissafi da na rubutu sau da dama. Kowane karo wasu sun rasa abin yi, wasu kuma darajarsu ta ƙaru. Zo mu bi su mu ga abin da ya raba waɗannan da waɗancan.

Mu fara daga bakin Kusugu

Ka san labarin da muka gada kaka da kakanni. Baƙo ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa babu. A rijiyar Kusugu akwai maciji da ake kira Sarki, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ka lura da wani abu: ruwa yana nan cikin rijiya, guga ma akwai. Mutanen gari sun riga sun saba, sun tsara zamansu a kan ɗiban ruwa sau ɗaya a mako, har abin ya zama kamar haka duniya take. Bayajidda ne ya ji dalili, ya karɓi guga ya tafi inda matsalar take. Wuƙar da ya yi aiki da ita kuwa, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa.

Da gari ya waye, Magajiya Daurama ta nemi wanda ya yi wannan aiki. Masu cika baki suka fito da yawa, amma mutum ɗaya ne ya iya kawo kan macijin.

Riƙe abu biyu daga nan, don za mu sake haɗuwa da su a gaba: gano ainihin inda ruwa ya toshe, da kawo hujjar da ake gani da ido. Kayan aiki kuwa, kullum wani ne yake ƙera shi.

Ranar da aikin jakada ya ƙare

Kafin zuwan Turawa, a Daura kamar sauran masarautun Hausa, manyan masu sarauta a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwan da suke riƙe da su kuma suna warwatse a karkara. Wanda yake haɗa su shi ne jakada. Shi zai kai umarni, ya karɓo kuɗin ƙasa da jangali, ya dawo da labari, kuma yana da nasa rabon a ciki. Aiki ne mai maiƙo, domin duk abin da ubangidansa ya sani game da ƙauye, ta bakinsa ya ji.

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1906 suka dawo da Malam Musa daga Zango suka ɗora shi a gadon sarautar Daura. A waɗannan shekarun ne suka yanka masarautu gunduma-gunduma, suka ce kowane hakimi ya tattara ya koma ya zauna a cikin ƙasarsa. Da hakimi ya zo kusa da dagatai, nisan da jakada yake ci da shi ya tafi. Kalmar dai ba ta mutu ba, har yau muna cewa jakadan Najeriya a ƙasa kaza, amma waccan sana'ar ta karɓo haraji an soke ta a hukumance.

Yanzu dubi makonka na aiki. Kashi nawa ne a cikinsa ɗauko alƙaluma daga wannan manhaja ka zuba a waccan, ko kwaso maganar manaja ka miƙa wa masu kwamfuta yadda ya faɗe ta? Wannan ɓangaren aikin jakada ne. Duk ranar da manaja ya iya tambayar na'ura da kansa ta ba shi amsa, hakimi ya koma gunduma ke nan.

Daga wuri zuwa Baitulmali

Sauyi na biyu a kan kuɗi da rubutu ya faɗo. A da, da wuri ake ciniki, kuma ƙirga shi aiki ne sosai: keso ɗaya wuri zambar ashirin ne, wato 20,000, sai an baje a ƙasa an bi shi da yatsu. Da sulalla da kwabbai suka shigo, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, gwanintar ƙirga wuri ta zama abin ba da labari.

A daidai lokacin aka ɓullo da Baitulmali, wanda aka fara gwadawa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kafin ya bazu zuwa sauran masarautu. Haraji ya daina shiga hannun mutum ɗaya. Aka koma rasit, da littafin shiga da fita, da kasafin shekara, da albashi ga sarki da hakimai da alƙalai. Ma'aji ya zama mai ofis, ana zuwa ana duba littattafansa.

Wa zai riƙe waɗannan littattafan? Malaman da suka iya Larabci da ajami suna nan, kuma su ne suke rubuta wasiƙun fada tun tuni. Amma sabon tsarin da boko da lambobin Turawa yake tafiya. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, har da ajin malamai manya waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai. Waɗanda suka ɗora boko a kan iliminsu, su ne suka zama malaman haraji, da malaman hakimai, da magatakardan kotu. Sun riƙe tsohon sani suka ƙara sabo, shi ya sa suke iya magana da dagaci da safe, su yi wa Joji bayani da yamma.

Sarkin Daura Abdurrahman ya hau a 1911, ya yi shekara 55 a kan gado har 1966. A zamanin sarki ɗaya aka tashi daga keso zuwa fayil. Masanin nan M. G. Smith ya bi diddigin yadda sarautu da ofisoshin Daura suka sauya daga 1800 zuwa 1958 a littafinsa The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978.

Sule ya koma kwabo goma

Ranar 1 ga Janairu 1973 Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Akawun da ya ƙware a lissafin kwabo sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, ya wayi gari yaron firamare ma zai iya sabon lissafin. A 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau. A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Sai kwamfuta ta zo ta ture tafireta, wayar salula ta zo a 2001 ta tashi masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya.

A Amurka ma haka aka yi. Manhajar VisiCalc ta fito a 1979, Excel ya biyo baya a 1985. Kafin nan, idan mai kamfani ya ce a sauya farashi ɗaya, sai akawu ya goge ya sake lissafa shafi guda da hannu. Da manhaja ta karɓi wannan wahala, guraben masu cike littafin kuɗi suka ragu, na akantoci da masu nazari suka ƙaru. Dalili kuwa, da lissafi ya yi arha, sai masu kamfani suka riƙa yawan tambayar "in muka yi kaza fa, me zai faru?" Ka ga ke nan sana'ar taka ma, wata na'ura ce ta share mata fili.

Abin da na'ura ba ta gani a Daura

Yau Daura tana shirin wani sauyin. An aza tubalin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Disamba 2019, an ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a Fabrairu 2021, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tura har mai shayi da mai tsire karɓar kuɗi ta waya da POS. Ma'ana, cinikin da a da yake cikin kan mai shago, yanzu yana barin sawu a na'ura. Alƙaluma sun yawaita, masu fassara su ne suka yi kaɗan.

Ɗauki misali. A ce wani dillalin kayan masarufi a Daura ya ba ka cinikinsa na shekara biyar, ka zuba wa ƙirƙirarriyar basira. Nan take za ta zana maka jadawali mai kyau, ta ce ciniki yana tashi a wata kaza. Sai dai azumi da Sallah da Sallar Gani da watan Musulunci suke tafiya, kowace shekara suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. In ba ka gaya mata ba, tana iya cewa a cika sito bayan biki ya wuce. Za ta ga ciniki ya karye daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ya sake karyewa a Agusta 2023, amma a cikin alƙaluman babu inda aka rubuta cewa iyakar Nijar aka rufe, Kongolam ta yi tsit, masu zuwa kasuwar Mai'aduwa daga ƙetare suka ragu. Za ta ga an rubuta "buhu", ba ta san buhun wannan kasuwa da na waccan ba tiya ɗaya suke ci ba. Bashin da Alhaji ya bayar da baki, a biya bayan kaka, ba ya cikin kowane fayil.

Duk wannan kai ne ka sani, ko kuma kai ne za ka iya zuwa ka tambayo.

To me za ka yi daga yau?

Na farko, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka yi a makon jiya. Duk aikin da kake maimaitawa iri ɗaya, sa masa alama, ka miƙa wa na'ura da hannunka kafin wani ya miƙa a madadinka. Power Query da ke cikin Excel zai share maka alƙaluma, Power BI zai riƙa sabunta rahoto da kansa, ɗan sanin SQL zai hutar da kai jiran wani ya ciro maka bayanai.

Na biyu, lokacin da ka samu, kai shi wajen mutane. Zauna da mai sito, da direba, da mai karɓar kuɗi. Idan manaja ya ce "manhaja nake so", tambaye shi abin da yake hana shi barci. Sau da yawa za ka tarar kaya ne suke ɓata tsakanin mota da sito, kuma rasit mai lamba zai magance abin. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, kada ka kai wa shugaba amsar na'ura sai ka tantance ta. Ƙirƙirarriyar basira takan ƙago lamba ta faɗe ta da cikakken ƙarfin hali, kamar masu cika bakin nan na fadar Daurama. Ɗauki layi goma ka bi su har rasit na asali. Kuma kada ka zuba sunayen abokan ciniki da lambobin asusunsu a manhajar da kamfani bai amince da ita ba, domin Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma amana ce a wuyanka.

Na huɗu, zaɓi fage ɗaya ka san shi ciki da bai: hatsi, ko dabbobi, ko sufuri, ko magunguna. Manhajar da kake taƙama da ita bana, baɗi wata za ta maye gurbinta, amma sanin yadda buhun gero yake tashi daga gona ya isa kasuwar Dawanau zai daɗe yana yi maka amfani.

Na biyar, koyi faɗin sakamako a taƙaice, da Hausar da Alhaji zai gane da Turancin da mai haɗa manhaja zai yi aiki da shi. Malaman Baitulmali da wannan suka ci abinci.

Babu mai ba ka tabbacin cewa sunan muƙaminka zai kai shekara goma. Na jakada bai kai ba, na mai tafireta ma haka. Amma muddin akwai mai dukiya da yake son sanin inda ruwansa ya toshe, zai nemi wanda zai gano masa, ya kawo masa hujja, ya kuma tsaya a kan maganarsa in an tambaye shi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Fara da takardar nan ta makon jiya.

Allah ya sa albarka a nema, ya ba mu ilimi mai amfani.