Daga Ɗakin Bincike Zuwa Bakin Daga: Brian Greenwood da Yaƙi da Sanƙarau

Mu mazauna Jimeta, daga Demsawo har zuwa bakin Binuwai, ba sai an faɗa mana ba, mun san fargabar da ke zuwa tare da zafin bazara, lokacin da sanƙarau ke kama wuyan yaro ya ƙage. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wani masani da wannan cuta ta sauya wa alƙibla.

An haifi Brian Greenwood a Ingila a 1938. Ya zo Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1965, inda hankalinsa ya karkata ga garkuwar jiki, wato yadda ƙwayoyin halittar jini ke yaƙar cuta. A 1970 ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya yi shekara goma.

A Zariya ne annobar sanƙarau ta 1977 ta cika asibiti maƙil da majiyyata. Nan ya ga cewa ilmin da bai fita daga ɗakin bincike ba, ba ya ceton rai. Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa allura ɗaya tak ta wani magani mai daɗewa a jiki kan warkar da cutar, abin da ya dace da ƙauyen da ba likita. Suka kuma gano cewa zazzaɓin cizon sauro na rage ƙarfin rigakafi a jikin yara.

Daga 1980 zuwa 1995 ya shugabanci cibiyar binciken lafiya a Gambiya, inda aka tabbatar da cewa gidan sauro mai magani na rage mutuwar yara. Amma sanƙarau bai saduda ba, don a 1996 ya hallaka sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Sai a 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Binciken da ƙungiyar da ya jagoranta ta yi a Chadi ya nuna cutar ta ragu da kashi 94 cikin ɗari inda aka yi allurar.

Duk da haka, a 2017 wani nau'in cutar ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato. Ashe da sauran rina a kaba, kuma ɗalibanmu na kimiyya ne za su ɗora daga inda aka tsaya.