Ƙarin Kuɗin Haya a Ƙasar Gumel: Haƙƙin Ɗan Haya na Sani Tun da Wuri

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, yawancin haya da baki ake ƙulla ta. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ya kama ɗaki, da mai rumfa a kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, da manomin da ya karɓi gona haya, duk amana ce madogararsu. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, ƙarin ba-zata ya fi yawan kuɗin cutar da ɗan haya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, siminti da kwanon rufi suka yi tsada, saboda haka mai gida yana da uzurin neman ƙari. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ake sanarwa. A dubi wani manomi a Gagarawa: ya kai taki tun da rani, ya yi sharar gona, sai da ruwan shuka ya sauka aka ce masa kuɗi ya ƙaru. Guminsa yana cikin ƙasa, gonaki duk an kama, dole ya biya. Wannan tilasci ne da aka yi wa lulluɓi da sunan ciniki.

Fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a na Jigawa ke aiki da shi ya riga ya yi maganin haka. Risalar Ibn Abi Zaid ta gindaya wa ijara, wato haya, sharaɗin sanin lada da sanin wa'adi, ke nan ƙari a tsakiyar wa'adi saɓa alkawari ne. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 kuwa ta tanadi sanarwar wata shida kafin a tashi mai hayar shekara, ta kuma ba shi damar ƙalubalantar ƙarin da ya wuce kima a kotu.

Ƙananan hukumomin Gumel, Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar, da Masarautar Gumel, suna iya ɗaukar wannan darasi. A rubuta kuɗi da wa'adi a takarda guda, da boko ko ajami, mai unguwa ya shaida. Ƙarin hayar gida da rumfa a faɗe shi watanni kafin wa'adi ya cika, tare da dalilinsa. Na gona kuwa a faɗe shi da kaka, kafin manomi ya zuba mangala ɗaya ta taki.